Waiwaye: Yadda Hirarrakin Rediyon Amurka Suka Soma Lalacewa Tun Suna Ajiye

Muhawarar da ake tafkawa a Amurka kan makomar tsofaffin hirarrakin rediyo ta fi karkata ga batun kuɗi, wato wa zai ɗauki nauyin kwafe su zuwa kwamfuta, kuma wanne za a fara cetowa. Tun da hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗi a 2019 cewa zuwa wajajen 2025 na'urorin kunna tef da kayan gyaransu za su yi wuyar samu, wasu ke magana tamkar jiya matsalar ta kunno kai, alhali ta girmi da yawa daga cikin masu muhawarar.

Farkon labarin sananne ne. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu yawancin shirye-shirye kai tsaye ake watsa su, da an gama shi ke nan. Tef ya shigo daga Jamus bayan yaƙin, ya bazu a gidajen rediyo daga ƙarshen shekarun 1940, kuma da yake yana da tsada ana kuma iya goge shi, hirarraki masu yawa sun tafi domin a naɗi na gobe a kansu. Wasu sun tsira, irin na Studs Terkel, wanda ya yi shekara 45 yana shiri a tashar WFMT ta Chicago, daga 1952 zuwa 1997. Ya zauna da marubuta James Baldwin da Maya Angelou, da jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙar fata Martin Luther King, da masana tarihi, da marubutan da suka yi nazarin wasan besbol.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a masana'anta. Zaren tef leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe, a cikin garin nan murya take, kuma wani irin danƙo ne ke riƙe shi jikin ledar. A shekarun 1970 aka koma haɗa danƙon da wani sabon sinadari, aka sayar da tef ɗin a matsayin mafi inganci, gidajen rediyon da suka damu da aikinsu suka rungume shi. Sai a shekarun 1980 aka fara lura cewa sabon danƙon yana zuƙar danshin iska yana narkewa sannu a hankali. Daga waje ba a ganin komai, kwali na nan da rubutunsa, tef na naɗe tsaf. Ranar da aka ɗora shi a kan na'ura sai a ji yana ƙara, yana maƙalewa, baƙin dauɗa na taruwa a kan ƙarfen da ke karanta sauti, kuma dauɗar nan ita ce muryar wanda aka yi hira da shi take saɓulewa. Kunnawa ɗaya tana iya halaka hirar baki ɗaya.

A ganina nan ne asarar ta fi ciwo, domin ta faɗa wa waɗanda suka yi abin da ya dace. Sun ƙi gogewa, sun sayi tef mai tsada, sun jera a kanta suna ganin sun gama aikinsu, ashe rima na ci ta ciki kamar gara a cikin azara. Irin wannan tef ɗin an sayar da shi ko'ina a duniya, har da gidajen rediyon Afirka, inda zafi da laimar damina ke ƙara wa lalacewar sauri.

Dabarar da aka samo ita ce gasa tef ɗin a zafi kaɗan, wajen digiri 54 a ma'aunin Salshiyos, na tsawon sa'o'i ko kwanaki, har danshin ya fita. Gyaran ba ya ɗorewa, makonni kaɗan yake bayarwa a kwafe abin da ke ciki, kuma kowane tef sai an saurare shi daga farko har ƙarshe a hannun gwani. Daga nan zaɓi ya shigo. Faifan mawaƙin da za a sake sayarwa ya samu mai biya masa, hirar sa'a guda da marubucin tarihin ma'aikata kuwa ta ci gaba da jira.

Hukumomi sun motsa daga baya. Majalisar dokokin Amurka ta yi dokar adana sauti a 2000, babban ɗakin karatunta ya kafa kwamitin ceto shirye-shiryen rediyo a 2014. Taskar Terkel, mai shirye-shirye sama da 5,000, ta samu haɗin gwiwar gidan tarihin Chicago da wannan ɗakin karatu, aka buɗe ta a intanet a 2018. Sunansa ne ya jawo mata wannan gata. Ƙananan tashoshin jami'o'i da na unguwanni, waɗanda su ma suka yi hira da marubuta a shekarun 1970 da 1980, da yawansu ba su ma da cikakken jerin abin da ke cikin kwalayensu, kuma injiniyoyin da suka san yadda ake saita na'urar tef suna ta yin ritaya.