Ƙudan kashi mai haƙa rami a ganye: amsa ga masu lambun Legas

Tambaya: Wai da gaske akwai ƙudan kashi da tsutsarsa ke cin ganye?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Ɗaya daga ciki shi ne Hydromyza livens, wanda masanin ƙwari Fabricius ɗan ƙasar Denmak ya bayyana a 1794. Dangin Scathophagidae ne, waɗanda aka sani da sauka kan kashin shanu, amma da yawansu ba ruwansu da kashi. Shi wannan a tafkunan Turai yake, a kan wani bado mai ruwan ɗorawar fure.

Tambaya: Yaya tsutsar ke yi?

Amsa: Uwar na saka ƙwai a jikin ganyen badon. Da ƙyanƙyashewa sai tsutsar ta kutsa tsakanin fatar sama da ta ƙasa, tana ci tana gaba, ta bar siririn layi a bayanta. Daga nan ta gangara cikin karan ganyen, can take kwanciya har ta rikiɗe.

Tambaya: To shi ne ke yi mana farin zane a ganyen tumatir da wake a wajajen Ojo?

Amsa: A'a, Malam. Mai wannan zane mai lanƙwasa galibi wani ɗan mitsitsin ƙuda ne, Liriomyza, kuma danginsu daban. Ɗaga ganyen ka duba shi ta hasken rana, za ka hangi tsutsar a ƙarshen layin, da ɗigon baƙin kashinta a hanya. In kuwa tabo ne mai faɗi, har an huda ɗan tumatirin, to Tuta absoluta ce, asun da ya cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har kwandon tumatir ya gagari mutane saye a kasuwar Mile 12 ta Legas.

Tambaya: Ke nan ba takin shanu ko na kaji ke jawo su ba?

Amsa: Taki ba shi da laifi, kada ka fasa zubawa. A ganye ake saka ƙwan, kuma sau da yawa da dashen da ka sayo suke zuwa.

Tambaya: Feshi fa?

Amsa: Nan ake asarar kuɗi. Tsutsar na cikin ganye, yawancin maganin bai kai gare ta, sai dai ya kashe ƙananan zanzaron da ke hallaka ta. A ganina gara ka tsinke ganyen da ya kamu ka binne, ka rataya tarkon gam mai ruwan ɗorawa, sannan ka fesa ruwan 'ya'yan darbejiya da yamma.