Madubin saitin bindiga na harbin nesa: tambayoyi da amsoshi kafin a zuba kuɗi

A Amurka da Kanada da Ingila, inda doka ta yarda da wasan harbin allo daga nesa, ba abin mamaki ba ne a ga madubin saitin da ke ɗaure a kan bindiga ya fi ita kanta bindigar tsada, domin manyan madubai irin na Nightforce da Schmidt & Bender da Kahles da Tangent Theta suna kaiwa dala dubu uku zuwa dubu biyar. Ga tambayoyin da mai shirin sayen irin wannan madubi ya kamata ya samu amsarsu tukuna.

Mene ne ainihin abin da mutum yake saya da wannan maƙudan kuɗi?

Yawancin sababbin shiga suna zaton kyan gilashi suke saya, alhali babban abin da ya raba madubi mai tsada da mai araha yana cikin majuyin da ke samansa, wanda maharbi yake murɗawa domin ya ɗaga saiti. Harsashi ba ya tafiya a miƙe, yana sunkuyowa ƙasa tun daga fitarsa, kuma harsashi irin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, yana buƙatar a ɗaga saiti da kimanin mil 8 zuwa 9 (mil a nan ma'aunin kusurwa ne da ke jikin majuyi, ba mil na nisan tafiya ba) kafin ya sauka inda ake so a yadi 1,000. Saboda haka maharbi yana murɗa majuyin nan sama da ƙasa sau da yawa a wuni guda, kuma dole ne duk ƙas ɗin da ya ji a yatsunsa ya motsa saitin daidai gwargwadon abin da aka rubuta, sannan idan ya mayar da shi sifili ya koma inda yake ba tare da ya goce ba. Madubin da gilashinsa ya yi garau amma majuyinsa yana yi wa mai shi ƙarya ba shi da wani amfani a wannan wasa.

Ta yaya mutum zai gane ko majuyin yana faɗin gaskiya?

Akwai gwajin da maharba suka daɗe suna yi, kuma ba ya buƙatar komai sai doguwar takarda da igiya mai nauyi a ƙasanta da abin awo. Ana kafa takardar a mita 100 cif, a ja layi daga sama zuwa ƙasa ana bin igiyar domin ya tsaya kyam, a yi ɗigo a ƙasan layin. Maharbi zai saita ɗigon ya yi harbi uku, ya murɗa majuyi mil 10, ya sake saita ɗigon nan na ƙasa ya ƙara harbi uku. Tsakanin rukunin ramuka na farko da na biyu ya kamata a sami santimita 100. Idan aka auna aka tarar 97 ne, to madubin yana rage kashi uku cikin ɗari, wanda a ido ba wani abu ba ne, amma a yadi 1,000 wannan ragi ya kai kusan santimita 25. Idan kuma ramukan sama sun kauce daga layin zuwa gefe, to an ɗaura madubin a karkace ne, ko kuma laifin yana cikinsa.

Mil ko MOA, wanne ya fi?

Dukansu ma'aunin kusurwa ne, kuma babu wanda ya fi wani daidaito. Mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, kowane ƙas na majuyi kuma kashi ɗaya cikin goma na mil ne, wato santimita ɗaya. MOA ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100, kuma mil ɗaya ya yi daidai da MOA 3.44. Abin kiyayewa shi ne zanen da ke cikin madubi, wato layukan saiti masu alamomi da maharbi yake gani a kan allo, da majuyinsa su zama ma'auni ɗaya, sannan mutum ya bi abin da abokan harbinsa suke amfani da shi, domin idan mai duba masa ya ce harsashi ya sauka hagu da rabin mil, ba lokacin zama yin lissafi ba ne.

Shin madubin da ya fi ninka girman abu shi ne ya fi kyau?

A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, kuma amsar ta dogara da irin gasar da mutum zai shiga. A gasar F-Class, wadda aka sa wa suna daga George Farquharson ɗan ƙasar Kanada, maharbi yana kwance rub da ciki, bindigarsa a kan matokari, nisan allo sananne ne, kuma da'irar tsakiya a yadi 1,000 faɗinta inci biyar kacal. Irin wannan maharbi yana amfana da ninki 40 ko 50, shi ya sa madubai irin Nightforce Competition 15-55x52 da March 10-60x56 na Japan suka karɓu a wurinsu. Gasar Precision Rifle Series kuwa, wadda aka fara a Amurka a 2012, faranten ƙarfe ne a warwatse a nisa daban-daban, agogo yana tafiya, maharbi yana jingine da shinge ko tulin taya. A can, ko da madubinsa yana kaiwa ninki 35, da wuya ya wuce 12 zuwa 18, domin idan ya ƙure shi filin da yake gani zai tsuke, ya ɓata lokaci wajen neman faranti, kuma bugun bindiga zai hana shi ganin inda harsashinsa ya faɗi.

Akwai kuma kawalwalniya, irin wadda ake gani tana rawa a kan kwalta da tsakar rana. Madubi yana ninka ta tare da allon, har ta kai maharbi ya rage ninki da hannunsa ko da ya sayi mai 60. Haske ma raguwa yake yi: idan gilashin gaba milimita 56 ne, a ninki 25 hasken da ke isa ido faɗinsa milimita 2.2 ne, a ninki 15 kuma 3.7, kuma wannan ƙarin faɗi na ƙaramin ninki ne yake sa kai ya sami sararin motsi a bayan madubi ba tare da hoton ya yi duhu ba.

Mece ce maganar zane na gaba da zane na baya?

A wasu madubai zanen saiti yana gaban gilasan da ke ninka girma, saboda haka yana girma tare da hoton, kuma tazarar da ke tsakanin alamominsa gaskiya ce a kowane ninki. A wasu kuma yana bayansu, girmansa ba ya canjawa, alamomin kuma ba sa yin daidai sai a ninki guda, galibi na ƙarshe. Mai harbin faranti da ke gyara wa iska saiti da alamomin zane yana buƙatar na gaba, mai F-Class kuma ya fi son na baya saboda siririn layinsa ba ya rufe masa tsakiyar allo.

Kaurin bututu yana ƙara haske?

A'a, amfanin bututu mai milimita 34 ko 35 a kan mai 30 shi ne yana ba kayan ciki filin motsi, wato majuyi ya sami damar ɗagawa da yawa. Wanda filin bai ishe shi ba yakan ɗora madubin a kan gindi mai gangaren MOA 20, wanda yake mayar masa da filin ƙasa da ba ya amfani da shi zuwa sama. Sai dai irin waɗannan madubai sukan haura kilo ɗaya, nauyin da mai harbi a fili ba ya damuwa da shi amma mafarauci mai hawan dutse zai ji a kafaɗarsa.

Me ya rage a duba kafin a biya?

Majuyin gefen hagu, wanda ke gyara saɓanin da ke sa zane ya riƙa yawo a kan allo idan kai ya motsa, ya kamata a gwada shi a nisa kusa da nesa. A duba ko majuyin sama yana da birkin da ke tsayar da shi a sifili, domin maharbin da ya manta ya zagaya sau ɗaya fiye da ƙima zai harba sama da allon gaba ɗaya. A tambayi sharuɗɗan garanti, kamar yadda Vortex ya yi suna wajen gyara ko musanya madubinsa ba tare da iyakar shekaru ba. Sannan a ware kuɗin zobban ɗaurewa masu kyau, a ɗaure su da maɗauri mai awo gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, domin zoben da aka matse fiye da ƙima yana iya danne bututu har ya hana kayan ciki motsi yadda ya kamata.