Maganar siliki a jikin mutum, ga amsa a huta

Tun ranar da na yi maganar cewa ana amfani da siliki wajen gyaran jikin mutum a wani zama a Unguwar Rimi wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin duk iri ɗaya ne. Ga amsa, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Da gaske ana sa siliki a jikin mutum?

Eh. Baƙin zaren nan da ake ɗinke rauni da shi a asibiti, wani siliki ne. Ba yau aka fara ba.

To meye sabon?

Zaren tsutsar siliki furotin biyu ne, fibroyin wajen kashi 70 cikin 100, sauran serisin, wani danƙo da ke riƙe shi. Ana dafa shi a ruwan soda danƙon ya fita, a narkar da fibroyin ɗin, a yi soso ko siririn falle ko jeli da shi, ƙwayoyin jiki su hau su yi nama, shi kuma jiki ya cinye shi a hankali. David Kaplan na jami'ar Tufts a Amurka ya daɗe a kan wannan aiki.

Zai tsiro min da sabuwar ƙoda?

A'a. Wa ya gaya maka?

Mahaifiyata na da ciwon suga, gyambon ƙafarta ya ƙi warkewa, in yi odar bandejin siliki?

Allah ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya ba zan ce maka ba ya aiki ba, an gwada fallen fibroyin a rauni da ƙuna an ga alamun alheri, amma yawancin aikin ƙashi da guringuntsi da jijiya har yanzu a ɗakin gwaji yake ko a jikin dabbobi, wanda ya fito kasuwa kaɗan ne, kamar Silk Voice da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019, shi ma na maƙogwaro ne ba na ƙafa ba. Sannan gyambon mai suga sau da yawa ba bandeji ne matsalarsa ba, jini ne ba ya kaiwa ƙafar, ko ƙwayar cuta ta zauna ciki, ko sugan bai sauka ba, in ba a gyara waɗannan ba ko me ka ɗora aikin banza ne. Ka kai ta likita ya buɗe ya gani, in ya ce akwai bandejin da ya dace sai ka duba lambar NAFDAC. Kar ka tsaya jiran oda ƙafa tana yin baƙi don Allah.

In yanki mayafin siliki in ɗaure fa?

Haba Hajiya! Da rini da datti? Kuma na Kasuwar Barci yawanci roba ne, ƙona zare ɗaya ki gani, na gaske ƙaurin gashi yake yi ya bar toka, na roba ya dunƙule kamar leda.

Zaren tsamiya da ake aikin babbar riga da shi fa?

Wannan ce kawai tambayar da ta burge ni. Siliki ne na gaske, amma tsutsar daji ce ke yinsa, ba irin wadda ake kiwo a Sin ba, sai an yi masa nasa gwajin daban. A bar wa maɗinka tukuna.