Waiwaye: Yadda Agajin Gaggawa Ya Daɗe Yana Tsallake Naƙasassu

Duk wanda ya taɓa ganin gari ya watse saboda hari ko ambaliya ya san a wannan sa'a kowa ta kansa yake yi. Mai ƙafa ya ruga, mai kunne ya ji ihu ya bi ayari. Gurgu, makaho, kurma da mai taɓin hankali kuwa, sai dai in Allah ya jefo mai goya su ko mai jan hannunsu. In an yi dace sun kai sansani, can ma wata wahalar ke jiransu: layin rabon abinci na mai iya tsayuwar wuni ne, sanarwa ta lasifika ce, ƙofar banɗaki ba ta cin keken guragu. An gina aikin agaji ne a kan mutumin da ke gani, yake ji, yake gudu, kuma an sha shekaru kafin masu aikin su yarda da haka.

Ba kuma 'yan tsiraru ake magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum biliyan 1.3 ne ke fama da naƙasa mai tsanani, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya. Inda ake yaƙi kuwa kullum ƙaruwa suke yi.

Yarjejeniyoyin Janeba na 1949, waɗanda su ne tushen dokokin yaƙi na zamani, sun ambace su, amma a cikin jerin marasa lafiya, masu rauni, tsofaffi da mata masu ciki, waɗanda ya kamata a tausaya wa a fitar da su daga garin da aka yi wa ƙawanya. Kallon majiyyaci aka yi wa naƙasasshe, ba kallon mai haƙƙi da bakin magana ba, kuma wannan kallo ya daɗe bai sauya ba.

Aikin a zo a gani na farko ya fara ne da waɗanda yaƙin da kansa ya naƙasa. A 1979 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta buɗe shirinta na haɗa ƙafafu da hannayen roba. A 1982 wasu likitoci 'yan Faransa suka tarar da dubban 'yan gudun hijirar Kambodiya a sansanonin iyakar Tailan, nakiyoyi sun cire musu ƙafafu, babu mai kula da su. Suka kafa ƙungiyar agaji ta Handicap International, suka koya wa 'yan gudun hijirar haɗa ƙafa da abin da ke kusa, gora, katako da fata, don in ta lalace mutum ya iya gyara abinsa ba sai ya jira kaya daga Turai ba. Wannan fafutuka ce ta taimaka aka kai ga yarjejeniyar Otawa ta 1997 da ta haramta nakiyoyin da ake binnewa don mutane, ta kuma ɗora wa ƙasashe nauyin taimaka wa waɗanda suka taka su.

Aiki ne na alheri, ba mai musu. Sai dai ya bar giɓi babba. Wanda bam ya cire wa ƙafa jiya ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana tara masa kuɗi. Wanda shan inna ya gurgunta tun yana goye, ko wadda aka haifa kurma, su ba sa cikin lissafi, alhali su ne suka fi yawa, kuma su ake fara bari a baya.

Bala'o'in da suka auka wa ƙasashe masu arziki ne suka tona wannan asiri. Da guguwar Katrina ta ci birnin New Orleans na Amurka a 2005, mafi yawan waɗanda suka mutu tsofaffi ne, da yawansu ba sa iya fita da kansu, motocin kwashe jama'a kuma ba duka ke iya ɗaukar keken guragu ba. Shekara guda bayan haka, a Disambar 2006, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta fara aiki a 2008. Sashe na 11 ya wajabta wa ƙasashe su kare su a lokacin yaƙi, bala'i da duk wani halin gaggawa. Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010.

Sai ga girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta Japan a Maris 2011. Japan ƙasa ce da ta fi kowa shirin bala'i, tana da jiniya da lasifika a kowane lungu na gaɓar teku. Duk da haka, da aka zauna aka yi ƙidaya, sai aka ga yawan mutuwa a tsakanin naƙasassu ya ninka na sauran jama'a sau biyu. Jiniya ba ta da amfani ga kurma, matakalar hawa tudu kuma ba ta da amfani ga gurgu. A 2013 ƙasar ta gyara dokarta, ta tilasta wa ƙananan hukumomi su riƙe sunayen duk masu buƙatar a taimaka musu wajen tserewa. A shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi naƙasassu sama da 5,000 a faɗin duniya, ta samu mutum ɗaya ne kawai cikin biyar zai iya ficewa nan take ba tare da wahala ba.

Daga nan takardu suka yi ta fitowa: tsarin Sendai na rage haɗarin bala'i a 2015, sai ƙudurin sanya naƙasassu cikin aikin agaji da aka ƙaddamar a taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016. Amma abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne Afrilun 2019, lokacin da Nujeen Mustafa ta zauna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. 'Yar Siriya ce da aka haifa da lalurar da ta hana ta tafiya, ta girma a hawa na biyar na wani bene a Aleppo wanda ba shi da na'urar hawa. Ta shaida musu fargabar da ta kwana da ita kullum, cewa ita ce za ta jinkirta gudun iyalinta in bam ya faɗo. Tana da shekara 16 'yar'uwarta ta turo ta a keke har Jamus. Wata biyu bayan jawabin nata, ranar 20 ga Yuni, kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 2475 ba tare da hamayya ba, na farko a tarihinsa da ya keɓanta da naƙasassu a fagen yaƙi.

Sauyi mafi amfani, a ganina, ƙarami ne a ido: yadda ake tambaya lokacin rajista. In ka ce wa magidanci "akwai naƙasasshe a gidanka?", kunya kan sa ya ce babu. Yanzu ma'aikata da yawa kan yi tambayoyi shida: ko mutum na shan wuya wajen gani, ji, tafiya, tuna abu, wanka da sa kaya, ko fahimtar juna da mutane. Wanda ba a rubuta ba, ba a yi masa kaso. Haka kuma an fara zama da ƙungiyoyin naƙasassu kafin a gina masai ko a kafa famfo, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙasar Hausa ma ba sai an je nesa ba, sarkin makafi da sarkin guragu sun san mutanensu gida gida.

Arewa maso gabashin Najeriya ta ɗanɗana duk wannan. A 2020 Amnesty International ta fitar da rahoto kan tsofaffin Barno, da yawansu masu naƙasa, waɗanda suka kasa gudu lokacin da Boko Haram ko sojoji suka shiga ƙauyukansu, aka kashe wasu, wasu suka ƙone a cikin ɗakunansu. A shekarar Red Cross ta taimaka aka buɗe cibiyar haɗa gaɓoɓin roba a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kafin nan sai an kai mutum har asibitin ƙashi na Dala a Kano. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare mutane na barci, ya shiga har cikin asibitin koyarwar.

A Gaza, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a ƙarshen 2024 babu inda ya kai ta yawan yaran da aka yanke wa gaɓa idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma a lokacin ana ta umartar mutane su tashi daga wannan unguwa zuwa waccan a kan hanyoyin da ɓaraguzai suka toshe. Sannan a farkon 2025 Amurka, wadda a lokacin ta fi kowa ba da kuɗin agaji, ta datse mafi yawan tallafinta na ƙetare, ƙungiyoyi da dama suka rage ma'aikata suka rufe ayyuka, har da a Barno.