Wai mi ye wannan "dibolushan" da 'yan siyasa ke ta faɗi?

Jiya da dare muna zaune wajen mai shayi nan Tudun Wada Gusau, rediyo na kunne, wani ɗan siyasa yana ta maimaita dibolushan dibolushan, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya juyo ya ce min, "Kai ɗan boko, wanga abu da suka faɗi raba ƙasa na ko mi?" Na ce a'a Baba, ba raba ƙasa ba ne. Amma bayanin da na yi mishi ko ni bai gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kalmar Turanci ce, tana nufin gwamnatin tsakiya ta sauke wani ɓangare na ikonta ta miƙa wa ta ƙasa da ita, jiha ko yanki, su riƙa yin doka da kashe kuɗi kan wasu al'amura ba sai sun jira babban birni ba. Duk wanda ya taso gidan noma ya san abin tun kafin ya ji Turancinsa: gandu da gayauna. Gandu na maigida ne, kowa ya yi aiki hatsi ya shiga rumbu ɗaya. Gayauna kuwa maigida ne ya yanka maka, ka shuka gyaɗarka ko barkono ka sayar kuɗin naka ne, amma fa ƙasar ba taka ba ce, ran da ya ga dama sai ya karɓe abinsa. To wannan "ran da ya ga dama" ɗin shi mutane ke mantawa in suna maganar.

Inda kalmar ta yi suna shi ne Birtaniya. Mu nan komai Ingila muke cewa, alhali ƙasashe huɗu ne a riga ɗaya, Ingila da Sikotilan da Wales da Ailan ta Arewa. A 1997 zamanin Tony Blair aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Sikotilan kusan kashi 74 cikin ɗari suka ce suna son majalisarsu, na Wales kuwa da kyar da jiɓin goshi aka haye kashi 50. A 1999 majalisar Sikotilan ta fara zama a Edinbara da kujeru 129. Aka bar musu asibiti da makaranta da 'yan sanda da kotuna, Landan ta riƙe soja da harkar waje da shige da fice da kuɗin ƙasa. Kuma abin ya yi tasiri ba a takarda kawai ba, yau ɗan Sikotilan da ke jami'a a gida ba ya biyan kuɗin karatu, na Ingila kuwa yana biyan sama da fam 9,000 a shekara, fasfo ɗaya suke riƙewa.

Amma gayauna gayauna ce. Ailan ta Arewa tana da majalisarta tun 1921, da rikici ya yi tsanani a 1972 Landan ta rufe ta ta ci gaba da mulki kai tsaye, bayan sulhun 1998 aka sake buɗewa, aka kuma dakatar da ita daga 2002 zuwa 2007. Sikotilan ta yi ƙuri'ar ɓallewa a 2014, kashi 55 suka ce a zauna tare, da suka so sake wata sai kotun ƙoli ta ce a 2022 ba su da hurumi sai da yardar Landan. Ka ga maigida na nan.

Mu namu daban ne, shi ya sa kalmar ke ɗan ruɗawa a bakin 'yan siyasarmu. Najeriya tarayya ce, ikon Zamfara ba kyautar Abuja ba ce, a kundin tsarin mulki aka rubuta shi, ya fi kama da gadon da aka raba gaban alƙali. Da irin wannan iko ne ma jihar nan ta ƙaddamar da shari'a a 1999 ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Matsalar ita ce wurin rabon an ba babban wa kusan komai. Kundin 1999 ya jera abubuwa 68 da tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, kuma a rabon kuɗin wata-wata tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. To in ka ji ɗan Najeriya na cewa dibolushan, nufinsa a ciro wasu abubuwa daga wancan jeri a bar jihohi su ma su sa hannu. An ma fara, a Maris 2023 Buhari ya sa hannu kan gyaran da ya ba jihohi damar shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari.

Mu Zamfarawa abu biyu suka fi ci mana tuwo a ƙwarya. Zinarin Anka da Maru da Bukkuyum a ƙasarmu yake, yaran Bagega da kewaye ne gubar dalma ta kashe a 2010, amma lasisin haƙa daga Abuja ake bayarwa, kuma Abuja ce ta hana haƙar a 2019. Sai 'yan sanda. Sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya zo da cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa, gwamna ana kiransa shugaban tsaron jiha amma kwamishina ba yaronsa ba ne, shi ya sa a 2024 aka ɓullo da Askarawa, jami'an tsaron da jihar ta kafa da kanta, don a toshe ɓarakar.

Ni dai ina goyon bayan a sauke ikon, sai dai ina da tambaya guda ga gwamnoni. Ku da kuke kukan Abuja ta danne ku, me ya sa sai da kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye? In iko ya baro Abuja ya maƙale a gidan gwamnati Gusau, mutumin Ɗansadau ko Zurmi bai ga canji ba, sai ma tsoron yadda za a yi da 'yan sandan jiha ranar zaɓe.

Kuma gyaran ba a baki ake yinsa ba, sai kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da ta wakilai sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Da na faɗa wa Baba haka yau da safe sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "To namu na Gusau an tambaye su wane gefe za su ɗaga hannu?"