Ajiyar ko-ta-kwana ce ke mayar da ku ruwa

A makon da ya wuce an kawo mana wani matashi ranga-ranga, mutum biyu na riƙe da shi, leɓɓansa sun yi duhu, numfashi sai an kasa kunne. Na san shi sarai. Ya haura wata guda bai taɓa ƙwaya ba, har kumatu ya fara yi. Da Allah ya sa ya farfaɗo na tambaye shi inda ya samo, domin na san ba ya fita. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, wallahi ba saye na yi ba. Tun ranar da na ce na daina na ajiye kati ɗaya a cikin tsohon takalmina. Ba don in sha ba, don dai hankalina ya kwanta." (Ni ba likita ba ne, jami'in lafiya ne, amma na gaji da gyara musu.)

Wannan maganar na ji ta har na haddace. Wani a cikin rigar filo, wani a bayan madubi, wata a ƙasan jakar kayan kwalliya. Kowa da maɓoyarsa, amma uzurin ɗaya ne: ko da abin zai matsa. To ɗan'uwa, zai matsa ɗin. Babu wanda ya taɓa barin shaye-shaye bai gamu da daren da ya matsa ba. Kai da ka ajiye, ka riga ka yanke abin da za ka yi a wannan daren tun kafin ya zo. Ka ba kura ajiyar nama, sannan ka zo kana rantse mini cewa kurar ta tuba.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne ba ku san cewa jikin da ya huta ba shi ne jikin da kuka sani ba. Mai shan tiramol ko kodin, idan ya yi 'yan makonni bai sha ba, juriyar jikinsa takan sauka. Adadin da a da yake watsawa ya miƙe ya tafi harkarsa, yanzu shi ne zai iya tsayar masa da numfashi. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga cibiyar gyaran hali ko gidan yari suke cikin lokutan da aka fi mutuwa. Kuma mai komawa ba ya komawa da rabi, da tsohon ma'auninsa yake komawa, don shi hannunsa ya saba da shi. Katin nan da ke cikin takalmi an auna shi ne da jikin jiya.

Ba ina raina ƙoƙarinku ba ne. Na ga wahalar da idona: hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, zufa, gudawa, ƙafafu kamar ana sara, dare ya raba ido biyu. Ga masu irin su kodin abin yakan fara cikin awa 8 zuwa 24 da shan ƙarshe, ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku, sannan ya yi sauƙi cikin kwana 4 zuwa 10. Rashin barci da ƙuncin rai kuwa sukan ja makonni. Wanda ya haye wannan jarumi ne, kuma ina faɗa masa haka a gaban iyayensa. Shi ya sa nake jin haushi in ga ya zubar da duk wannan saboda abin da bai fi tafin hannu ba.

Iyaye mata, ku ma da ku nake. Wata uwa ta buɗe jakarta a gabana ta fito da kwalba, ta ce ta ƙwace ne ta adana, in ta ga yana birgima ta ɗan tsiyaya masa. Na ce, "Mama, tausayin nan shi zai kai mu inda ba ma so." Yaron ya san kwalbar na gidan. Ya san inda mabuɗin yake. Duk tunaninsa na ranar ya koma kan yadda zai lallashe ta, maimakon yadda zai warke.

Sai dai a fahimce ni da kyau. Ban ce kowa ya tashi yau ya yanke rana ɗaya ba. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ko maganin barci irin su diyazefam, in ya tsaya farat ɗaya zai iya faɗuwa da jijjiga, mai giya kuma ya shiga ruɗewa da gane-gane wajen kwana na biyu zuwa na uku, abin da ke iya kisa. Tiramol ma ba a cika son a yanke shi kwatsam ba. Irin waɗannan likita ne ke rage musu a hankali, wasu ma sai an kwantar da su. Amma maganin da likita ya rubuta a ƙirge yake, yana hannun wani amintacce, kowa ya san adadinsa. Wannan daban, wanda ka ɓoye a rufin ɗaki daban. In ba za ka iya faɗa wa kowa inda yake ba, to ajiya ce.

Lambar dila da ke wayarka ma ajiya ce, ko da ka sa mata sunan mai gyaran mota. Abokin da kuke sha tare da ka ce gaisuwa kawai za ku riƙa yi, shi ma ajiya ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ranar da ka tsayar za ka daina:

- Ka ga likita, ka faɗi gaskiyar abin da kake sha da yawansa. Kada ka rage.
- Ku share ɗakin kai da wani, ba kai kaɗai ba. Abin da aka samu a kai asibiti.
- Ka goge lambobin, in da hali ka sauya layi.
- Kuɗinka su zauna a hannun wani na ɗan lokaci.
- Ka sami mutum biyu da za ka iya tasa da tsakar dare.
- Ka cika yininka da aiki, musamman lokacin da ka saba sha.
- In akwai naloksan inda kake (maganin da ke farfaɗo da wanda irin su kodin suka tsayar wa numfashi), a ajiye shi a gida, a koya wa mutanen gidan amfani da shi. Ko an yi amfani da shi mutum ya farfaɗo, a garzaya asibiti, don ƙarfinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90.

Sha'awar kuma takan taso ne ta lafa, ba ta zama. In babu komai kusa, kafin ka sa takalmi ka fita nema ta fara sanyi, ko ka kira wani ya riƙe ka da hira. In kuwa ƙwayar tana ƙarƙashin katifa, tsakaninka da ita miƙa hannu ne.

In ka riga ka zame, ka dawo. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma aƙalla sau ɗaya, kusan yadda ake gani ga masu hawan jini da asma, kuma ba wanda ke korar mai hawan jini don jininsa ya sake hawa. Ni ma ba zan kore ka ba. Ranar da za ka zo ganina, ka taho da ajiyar a aljihu ka zube mini a kan tebur, ba zan tambaye ka tun yaushe take nan ba. Kafin ka fito, ka leƙa cikin takalman.