Kakar wasan kwaikwayo a Garwa: katin ƙungiya, kuɗin ƙofa da fita unguwanni

Da zarar ruwa ya ɗauke, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Garwa, a arewacin Kamaru, kan fara sanar da jerin wasanninsu, wasu har da sayar da katin shekara. Ga abin da masu kallo suka fi tambaya.

Me ya sa sai bayan damina ake buɗe kakar wasanni?

Yawancin wasanninmu a sarari ake yin su, a harabar makaranta ko ƙofar fada. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa hadari ɗaya ya isa ya watsa taro, ya jiƙa lasifikar da aka yi haya. Ɗalibai, waɗanda su ne ƙarfin 'yan wasa, sai Satumba suke komawa aji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare na da sanyi, auduga ta isa kasuwa, kuɗin kamfanin auduga na SODECOTON na shiga hannun manoma. Makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu ma makarantu na neman wasanni. Ranar wasan kwaikwayo ta duniya, 27 ga Maris, da ake yi tun 1962, tana faɗowa a tsakiyar zafin Garwa, don haka sai bayan isha'i. Mai tsara jadawali ya kuma duba watan azumi, da ke matsowa da kwana 11 kowace shekara.

Mene ne amfanin katin, tunda ana iya biyan kuɗin ƙofa?

Ga mai kallo, ya biya sau ɗaya, ya shiga duk wasannin kakar, sau da yawa da rangwame da kujerar gaba. Ga ƙungiya kuwa amfanin ya fi haka nesa. Kuɗin ƙofa sai daren wasa yake shigowa, alhali tela ya riga ya karɓi kafin alƙalamin ɗinkin kaya, mai janareta yana jiran kuɗin mai, 'yan wasa sun yi makonni suna biyan babur zuwa wurin gwaji. Kuɗin kati tun farko yake zuwa, lokacin da ake bukatarsa.

Ai ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar nauyin wasanni, ko ba haka ba?

Suna ɗauka, kuma wasannin faɗakarwa kan kwalara, rigakafin shan-inna da karatun 'ya'ya mata sun yi aiki. Amma mai biya shi ke zaɓar magana. In shirinsa ya ƙare, ƙungiya ta koma barci. A ganina nan ne katin ya fi daraja: ƙungiyar da ke da 'yan kallonta masu biya tana iya yin wasa kan rikicin gado, ko kan dillalin da ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ba tare da ta jira wani ya sa hannu ba.

Ta yaya zan san kuɗina ba za su salwanta ba?

Ka nemi ganin takardar rajista. Dokar Kamaru ta 19 ga Disamba 1990 ce ta tsara kafa ƙungiyoyi, sannan a 2020 aka yi wata ta musamman kan ƙungiyoyin fasaha da al'adu. Ka karɓi rasit, ka tambayi ranakun wasa a rubuce.

Yaya fita unguwanni da ƙauyuka take?

Kafin a sauke ko tabarma ɗaya, sai an je gaisuwa wurin lawan ko jauro, an kuma sanar da hukuma. Sai zaɓen rana: a Pitowa, wani gari kusa da Garwa, alal misali, Lahadi ce kasuwa, jama'a a tare suke. Harshe ma abin lura ne. Fulatanci ne ya haɗa kowa a wannan yanki, don haka ɗan wasa kan fara da Hausa, ya juya Fulatanci, ma'aikacin gwamnati a cikin wasan ya yi Faransanci, a kwashe da dariya.

Wasu na bin salon da Augusto Boal, mai shirya wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Brazil, ya ɓullo da shi a Kudancin Amurka a shekarun 1970: a tsayar da wasa a daidai inda rikici ya yi zafi, a ce, "Baba, in kai ne mahaifin yarinyar nan, me za ka yi?" Dattijo ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya shiga fili. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka tashi da tashe da 'yan kama.

Matan da ba sa fitar dare fa?

Ana shirya musu wasan la'asar a harabar makaranta ko wani babban gida, galibi kyauta, kuɗin mota da lasifika daga asusun masu kati.